Tulin da Ke Cikin Lungu

Shekara talatin da ɗaya Mai Tifa ya yi yana kwashe ɓaraguzan gidajen mutane, sai ga shi na gidansa sun tsare shi. Tsohon direban tifa ne, ƙaƙƙarfa, mai faɗan tsiya, kuma tun da ya zame a banɗaki ya karya ƙugu ya koma kan keken guragu. Bayan an yi masa aiki likita ya ja kunnen kowa: kada a goya shi, kada a murɗa ƙafar, a bar shi kan kekensa har ƙashin ya kama.

Ɗansa, wanda ke aiki a gidan buga takardu, mutumin kirki ne, wannan babu musu. Shi ya kawo birkila aka fasa bangon banɗakin, aka faɗaɗa ƙofa yadda keke zai shige, aka farfashe tsohon daɓe aka shimfiɗa tayil marar santsi. Aiki ya yi kyau. Inda aka kwafsa shi ne wurin abin da aka fasa. Gidan hanyar fita ɗaya gare shi, wani siririn lungu tsakanin bangonsu da na maƙwabta, kuma nan aka riƙa juye baro: fasassun bulo, tsohon tayil, guntayen rodi, gilashin taga, har da tsohon famfon wanka.

Tun ranar farko tsoho ya yi magana. Ya ce duk wanda ya san aiki ba ya barin rana ta faɗi da tarkace a hanya, abin da aka fasa da safe a loda shi da yamma. Ɗan ya yi murmushin nan da ake yi wa tsofaffi, ya ce ai wannan ba tarkace ba ne, ciko ne. Za a yi gangare da shi a ƙofar gida, inda matakala uku suke, keke ya riƙa sauka salin alin. Birkila zai dawo ranar Litinin.

Wace Litinin, ba a faɗa ba. Kafin birkila ya tafi ma sai da ya wanke baronsa da kwanon kwaɓinsa a kan tulin, ya ɗora ragowar buhunan siminti biyu a sama, baki buɗe. Mai Tifa yana kallo daga baranda, ya ɗaga murya ya ce a sauke su. Birkila ya ce ba komai Baba, ya rataya jakarsa. A makon nan aka yi ruwa sau biyu.

Mutanen gida suka saba. An jingina wani katako a gefen bango, ɗan ya bi ta kai ya tafi aiki, surukar tsoho, wadda malamar makaranta ce, ta tattare zane ta dafa bango ta bi. Shi kuwa duniyarsa ta zama ɗaki, baranda, da sabon banɗaki. Yakan tura kekensa har bakin lungun ya tsaya, tulin ya kai masa goshi, ya riƙa jin titi ba ya ganinsa. Abin yana cin ransa ƙwarai, kuma ba titin ne damuwarsa ba.

Damuwarsa Mai Agogo ne. Wani siririn dattijo ne da ke da tebur da akwatin gilashi a tsallaken titi, daidai ƙofar gidan. Tun da Mai Tifa ya ajiye tuƙi, kullum da hantsi can yake zama, su yi ta musu kan labaran rediyo har azahar, ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Akwai agogon hannun Mai Tifa da ya kai gyara shekara huɗu da suka wuce. Kullum sai ya tambaya, kullum sai a ce masa ya dawo gobe, shi kuma ya ce bai taɓa ganin malalacin mai sana'a irin wannan ba.

Kwana goma sha shida da tsayuwar tulin, suruka ta dawo da saƙo. Idon Mai Agogo ya ƙi, 'yarsa za ta zo ranar Alhamis da safe ta tafi da shi ya koma da zama garin da take aure, tafiyar yini guda. Ya so ya shigo, amma da sanda yake tafiya, ya zo ya dubi katakon ya koma.

Tsoho bai ci abinci ba ranar. Da ɗansa ya dawo bai yi faɗa ba, abin da ya fi faɗan tayar wa ɗan hankali.

"Ka kwashe mini hanya kafin Alhamis," ya ce. "Ban taɓa roƙonka komai ba."

Ɗan ya kira birkila, waya a kashe. Ya yi ta juya maganar cikon nan a ransa, don har yanzu yana ganin asara ce a zubar. Sai washegari Talata ya haƙura ya nemi masu kwasa, suka ce motarsu tana wani aiki, ba za su samu zuwa ba sai Juma'a. Ya zo ya faɗa wa uban yana sosa ƙeya, ya ce kwana ɗaya ne kawai tsakani.

Da gida ya watse, Mai Tifa ya ɗora bokiti a cinya ya tura keke zuwa lungu. Ya fara tsintar abin da hannunsa ya kai, guntun bulo, ɓallin tayil, yana jefawa ciki. Da bokiti ya cika sai ya tsaya yana tunanin inda zai kai. Baranda ba ta da faɗi, in ya zuba nan ya toshe wa kansa hanyar komawa. Ƙofar ɗakin girki ba ta cin keke, ta ɗakin ɗansa ma haka. Ban da ta ɗakinsa, ƙofa ɗaya ce a gidan nan aka yi ta daidai da shi. Ya shiga sabon banɗaki, ya juye bokitin a kan tayil ɗin da ko wata bai yi ba.

Haka ya yi ta yi, ya je ya dawo, gilashi ya yanke shi a yatsa biyu, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Ranar Talata ya jera ɓaraguzan a kusurwar bayan ƙofa, babu wanda ya lura. Ranar Laraba kuwa suka ci rabin daɓen. Suruka ta dawo ta tarar da shi fari fat da ƙura, banɗakin da aka sha wahalarsa ya koma yadda yake ranar da aka fasa shi. Ya ɗaure fuska yana jiran magana. Ita kuwa ta dube shi, ta dubi hannunsa, ta ajiye jakarta ta ɗauko shebur ɗin da birkila ya bari.

"Baba, matsa baya kaɗan, kada ya zubo maka."

Ta kwashe kamar cikin bokiti biyar. A na shida shebur ya yi ƙara, ya dawo mata har kafaɗa. Ta sake sara, ko gezau. Mai Tifa bai buƙaci ya duba ba, ya san ƙarar nan tun yana saurayi. Ruwan wankin baro da buhunan nan biyu da ruwan sama sun haɗu sun yi aikinsu, cikin tulin ya zama dunƙule guda kamar dutse, rodi sun leƙo ta ko'ina. Sai diga da ƙarti biyu. Ya ce mata ta ajiye kawai, Allah ya yi mata albarka.

Ranar Alhamis da hantsi ya ji ƙwas ƙwas ɗin sanda a cikin lungu. Ya tura keke har taya ta daki tulin. Ta sama ba ya hango komai sai ƙoƙon hula.

"Kana nan, sarkin faɗa?"

"Ina zan je? Kai ne mai tafiya."

Mai Agogo ya ce ya ji labarin ya mayar da shara inda ta fito, ya ce dama ya san tuƙin nan nasa na baya-baya ne. Mai Tifa ya ɗaga kai yana kallon hular. Can sai ya ga kan sandar ya ɗago ta saman tulin, wani abu yana lilo a jiki. Sandar ba ta kai ba. Ya lalubo shebur ya miƙa da hannu biyu, abin ya faɗo ciki. Agogonsa ne, an goge shi, yana tafiya.

"Tun makon da ka kawo na gyara," in ji muryar. "Na ce in na ba ka, me zai riƙa fito da kai?"

Mota ta yi oda a waje, 'yar ta kira babanta. Hular ta juya. Mai Tifa ya saurari sandar har ta fita lungu, ya ji an rufe ƙofar mota. Ya daɗe a wurin da shebur a cinya, yana kuka ba ya ɓoyewa.

Masu kwasa sun zo Juma'a kamar yadda suka ce. Su uku ne da diga, kuma ko awa biyu ba su yi ba lungu ya zama fes, har na banɗakin suka haɗa. Ɗan ya ɗauki hutun rabin yini saboda haka. Ya shimfiɗa katakai biyu a kan matakala, ya sauko da uban a hankali har bakin titi, yana ta murna, yana cewa ga iska, ga mutane, gangaren ma za a nemo ciko a yi shi.

Mai Tifa ya dubi tsallake. An ɗauke teburin, sai gurbin ƙafafunsa huɗu a ƙasa, wani mai babur har ya faka a wurin. Ya duba agogon hannunsa, ƙarfe goma da kwata, daidai lokacin da suke fara musu.

"Mayar da ni ciki," ya ce.