Ranar da Aka Yaga Mai Tsuntsaye

A gidana ba a yaga takardar naɗin kyauta. Kowa ya san wannan, har mai gyaran famfo. In an ba ka kyauta, sai ka zauna, ka ɗauki 'yar wuƙa, ka ɗaga salatif a hankali, ka miƙo mini takardata in goge ta in mayar akwati. A haka ɗana ya tashi. Matarsa ta ce ko ambulan zai buɗe, sai ka rantse tiyata yake yi.

Akwatin yana ƙarƙashin gadona, maƙil da tsofaffin takardu, masu furanni, masu taurari, wasu ma kantin da ya sayar da su ya daɗe da komawa wurin wankin mota. Sarauniyarsu ita ce ja mai tsuntsayen zinariya. A cikinta maigidana ya naɗo mini kyautar farko, naɗin da ko buhun gawayi ya fi shi tsari. Na manta abin da ke ciki, amma takardar ta girmi ɗana.

To, sai ga ɗana ya kawo mini jikata daga garin da yake aiki, rabona da ita tun tana jaririya. Kumatu muke ce mata, kuma ta ci sunanta. Ni ina ta rawar kai, yarinyar nan tana ganina ta tsandara ihu ta maƙale wuyan uwarta. Na yi tafi, na yi kukan akuya, na kifa kwano a kai. A banza! Kakanta kuwa, mutumin da ko gaisuwa a daƙile yake amsawa, ta haye cinyarsa tana ja masa gemu. Wallahi abin ya ci mini rai.

"Ki ba ta lokaci, Umma," in ji ɗana.

"Wane lokaci? Gobe fa za ku koma!"

Sai dabara ta faɗo mini. Na sayo 'yar tsana, na ciro sarauniya da kanta, don ko jariri ya ga wannan takarda ya san ya ga abu. Na naɗe ba tare da almakashi ya taɓa ta ba, kusurwa ta fito tsaf, na ɗaure da zare. Na ajiye a tsakiyar falo, na miƙa wa surukata wuƙa. Lissafina shi ne yarinya ta gani ta so ni, uwarta ta buɗe, takarda ta koma gida lafiya. Ban tuna cewa ba wanda ya karanta wa Kumatu dokar gidan ba.

Kafin surukata ta miƙe, Kumatu ta tako dagwai-dagwai ta damƙi kusurwar takardar.

Kyaaat!

Surukata ta saki salati. Ɗana ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba. Maigida ya ɓuya a bayan jarida, jaridar tana ta karkarwa don dariyar da yake dannewa, munafuki. Ni kuwa na dafe ƙirji, ga kan tsuntsu guda a hannun yarinya.

Sai ta ƙyalƙyale da dariya. Kuma ni take kallo, ni! Ta yi jifa da 'yar tsanar, ta ci gaba da yaga, kowace yaga da dariyarta. Da takarda ta ƙare ta duba hagu da dama, leɓe ya fara rawa.

Ni da gwiwa ke hana ni hawa bene, ban san lokacin da na janyo akwatin nan har falo ba.

"Umma, me kike yi?" in ji ɗana.

"Kai, matsa mini!"

Na zauna a ƙasa, na ɗaga mai taurari ina kaɗawa. Ta dube ni, ta dubi takarda, ta tako, ta yi zaman dirshan a cinyata. Ta kama gefe, na kama gefe, muka ja. Jama'a, ashe daɗi gare shi! Shekara da shekaru ina hana mutane wannan daɗin? Muka bi ta kan masu furanni, muna ihu, muna watsa su sama, har gemun maigida ya samu rabonsa.

Can ta gaji, ta kwantar da kai a ƙirjina ta yi barci, kan tsuntsun yana manne a kumatunta. Surukata ta durƙuso tana tsince jajayen guntaye, idonta ya ciko.

"Umma, zan iya liƙa miki ita, saura wannan kan kawai." Ta miƙo hannu za ta ɓamɓaro shi.

Na buge hannun. "Ke, bar shi a nan. Za ki tashe ta."