Ai 'Yarku Ce

Kwana ashirin da uku da rasuwar Malam Zaharaddini, matarsa Sa'adiyya ba ta yi kuka ba tukuna. Ba jarumta ba ce. Hawayen ne suka ƙi zuwa, ita kuwa ba ta aika a kira su ba. Takan idar da sallar asuba ta zauna a kan tabarmar takaba a ɗakinta da ke Yalwawa, mata su shigo su ce, “Ya haƙuri?” ta ce, “Da godiya,” su fita, wasu su shigo. Tuwo da shayi da ruwan randa duk ɗanɗanonsu ɗaya a bakinta.

Iya, yayar mahaifiyarta da ta zo daga Buji taya ta zama, sai yabonta take wajen baƙi. “Yarinyar nan akwai tawakkali.” Sa'adiyya takan ji kamar wata mata ake yabo a gidan maƙwabta.

'Yarta ɗaya ce a duniya, Shamsiyya, shekara goma sha takwas. Ita ce ta fari, biyun da suka biyo bayanta ba su yi kwana ba. To a dangin su Sa'adiyya ba a wasa da kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kama sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane, in ana shawara a kansa sai ta kau da kai ta shiga tsintar shinkafa. Haka ta taso ta gani, haka ta yi, har ta fi waɗanda suka koya mata iyawa. Shekara goma sha takwas tana cewa “ke” da “yarinyar nan”. Ran da aka kawo sakamakon jarrabawar JAMB, Malam ya shigo yana ɗaga waya sama kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka, abin da ta ce kawai, “To, a zo a ɗauke kwanukan nan.”

Shi Malam bai san wannan kunya ba, ko kuma ya sani ya yi biris. Malamin lissafi ne a sakandare, tun daga zaure yake ƙwala wa yarinya kira da cikakken sunanta, Iya in tana nan ta toshe kunne. Shi ya riƙa ɗora ta a babur bayan la'asar su hau duwatsun bayan gari, su jira fitowar Zara kafin a kira magariba, su dawo suna gardamar me ya sa ita ba ta ƙiftawa irin na sauran taurari. Daga nan yarinya ta kamu. Ta ce fiziks za ta karanta, kuma wanda ya shafi taurari da sararin samaniya. Uba da 'ya suka yi wata guda suna jera jami'o'i a bakinsu a tsakar gida: ga ta nan Dutse, ga ta Zariya, ga ta Nsukka can ƙasar Inyamurai inda suka ce an haɗa fiziks da nazarin taurari a sashe ɗaya. Nsukka suka cike a fom, da sharaɗin in an ga sakamako za a sake zama. Sa'adiyya duk ta ji, don kunnenta ba ya takaba da komai, amma ba ta taɓa tofa ko kalma ba.

Ba a sake zaman ba. Wata Talata Malam ya faɗi a gaban allo, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

A rana ta ashirin da uku ɗin nan Alhaji Ɗanmusa, yayan Malam, ya iso daga Ringim da hantsi. Dillalin hatsi ne, mutum mai kirki da gaggawa, irin wanda in ya ga tulu a bakin hanya sai ya kawar ko ba nasa ba ne. Aka shimfiɗa masa darduma a bakin ƙofar ɗakin, ya zauna yana kallon gefe. Iya na ciki. Shamsiyya ta kawo ruwa ta durƙusa za ta tashi, ya ce ta zauna, maganarta ce.

“Sa'adiyya, na yi tambaya a kan makarantar nan. An ce kwana ake yi a hanya. Da ubanta yana raye, shi zai kai, shi zai ɗauko. Yanzu wa zai yi? Ga jami'a nan a bayan gidanku, an ce akwai fiziks ɗin, in ma an bi tawa ta koma aikin jinya. Ta je da safe ta dawo ta kwana kusa da ke. An ce har yanzu ana canzawa, amma an kusa rufewa. Jibi Juma'a zan zo da safe in kai ta ta dangwala yatsa a canza mata makaranta. Sai dai na ce bari in ji ta bakinki.”

Sa'adiyya ta ji idon yarinyar a gefen fuskarta. Ta ji na Iya ma. Ta laluba cikin ranta ko akwai wani abu, ta tarar da shi kamar ɗakin da aka kwashe kaya. Sai bakinta ya faɗi abin da ya saba.

“Yaya, ai 'yarku ce.”

Iya ta gyaɗa kai, an yi abin da ya dace. Alhaji Ɗanmusa ya ce madalla, ya yi addu'a, ya saka takalmi, yana ganin ya sauke wa marainiya da uwarta nauyi. Shamsiyya ta ɗauki kofin ruwan ta fita. Ba ta yi kuka ba ita ma, abin nasu kamar gado.

Ran nan da yamma Sa'adiyya ta hango ta tana sauke wata babbar takarda mai zanen taurari daga bangon ɗakinta. Ta naɗe ta a hankali, ta ɗaure da zare, ta cusa a bayan akwati. Da ta kawo abinci ta ajiye ta ce, “Umma, ga shi,” ba ta ɗago ba. Sa'adiyya ta so ta ji zafin wannan, ta jira shi, bai zo ba.

Washegari Alhamis Hamida ta yi sallama. Matar Malam Gwadabe ce, wanda ya yi wa marigayin wanka, kuma shi aka bai wa kaftanin da Malam ya sa ranar, kamar yadda aka saba. Ta gaishe su, ta jira Iya ta shiga alwala, sannan ta kwance bakin mayafinta.

“Sai jiya maigidana ya ce in wanke rigar, ya kasa sa ta tun lokacin. Na sa hannu a aljihu na ji wannan. Allah ya sa ban jiƙa ba. Ni ban iya boko ba, na ce kar ya zama wani abu ne mai muhimmanci.”

Fallen takarda ne daga littafin rubutun ɗalibai, an ninka huɗu. Sa'adiyya ta ajiye shi ƙarƙashin filo har Hamida ta tafi, har aka yi azahar. Sannan ta buɗe.

Rubutun Malam ne, mai karkata kamar gero a iska. Ya ja layi uku da jan biro irin na maki. A ƙarƙashin Dutse ya rubuta: kusa, malamai na san biyu, babu darasin taurari sosai. A ƙarƙashin Zariya: akwai ɗakin kwanan mata, gidan ƙanwar abokina Lado. A ƙarƙashin Nsukka layin ya fi tsawo: motar Inugu daga Kano, Sagiru tsohon ɗalibina yana sayar da albasa a can da iyalinsa, a tambayi masallaci, a tambayi abinci, a saya mata rigar ruwa. Bai zagaye ko ɗaya ba. Malam da ba ya barin lissafi babu amsa ya bar wannan a buɗe. A can ƙasa, da baƙin biro, ya ƙara layi ɗaya:

“Mamanta ba za ta faɗa a gaban kowa ba. In tambaye ta mu biyu.”

Ta karanta sau uku. Sai safiyar Talatar ta dawo mata tsaf. Tana suyar ƙosai a bakin murhu, ya fito yana ɗaura agogo, ya tsaya a kanta ya ce, “Sa'a, akwai maganar yarinyar nan da nake so mu yi.” Babu kowa a tsakar gidan, yarinyar ta tafi islamiyya, daga ita sai shi sai kaji. Ta ce, ba tare da ta ɗago daga kaskon ba, “Ai ku kuka san wannan.” Ya ɗan tsaya, ya yi dariyar nan tasa ta hanci, ya ce, “To, sai na dawo.”

Ashe ya tambaya. Kunyar da aka yi domin idon mutane, ita ta kai ta har inda babu ido ko ɗaya, ta yi wa mijinta ita a kan kaskon ƙosai. Ta ninke takardar yadda take, ta zauna da ita a hannu. Ko yanzu ba ta yi kuka ba. Abin da ta ji kawai shi ne ƙafarta ta yi sanyi, sai ta ja zane ta rufe.

Har la'asar tana tambayar kanta abin da ya so ya tambaye ta, tunda babu mai yi mata kuma. Amsar ba ta da wuya, kuma ba ta da kyau. So take yarinyar ta zauna. In Iya ta koma Buji bayan takaba, gidan nan zai rage daga ita sai babur ɗin da aka jingine a zaure. Tana so ta riƙa jin ana jan guga da safe. Amma ta kuma san yadda muryar yarinyar take canzawa in tana bayanin tauraron da ya mutu tuntuni haskensa bai gama isowa ba, ta sha jin wannan daga kicin tana yi kamar ba ta ji. Kwana biyu ke nan muryar ba ta fito ba.

Juma'a da safe Alhaji Ɗanmusa ya yi hon a waje, sannan ya shigo gaisuwa a tsaitsaye. Shamsiyya ta fito da dogon hijabi ruwan toka, da takardunta a leda. Ta durƙusa daga bakin ƙofa.

“Umma, mun tafi.”

“To,” in ji Sa'adiyya.

Iya ta ce Allah ya kiyaye hanya. Takalma suka nufi zaure, na Alhaji a gaba da sauri, na yarinyar a baya. Sa'adiyya ta miƙe. Ba ta san ta miƙe ba sai da ta ga kanta a tsakar gida, rana na dukan fuskarta karo na farko cikin kwanaki. Mai takaba ba ta bin mutane titi, iyakarta zaure, su kuwa har sun kai ƙofar waje.

“Ke,” ta ce. Ƙarar injin markaɗen maƙwabta ta haɗiye kiran. Ta sake cewa, “Yarinyar nan.” Babu wanda ya waiwayo, kuma da gaskiyarsu, layin cike yake da yara mata masu tafiya makaranta.

“Shamsiyya.”

Sunan ya fito a karkace, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Yarinyar ta yi taku biyu kafin ta tsaya, don ba ta san sunanta da wannan muryar ba. Alhaji Ɗanmusa ya juyo da makulli a hannu. Daga ɗaki Iya ta yi salati a hankali.

“Yaya, ka yi haƙuri, na sa ka taso tun daga Ringim. Shekaranjiya ka tambaye ni ban ba ka amsa ba.” Ta miƙa masa takardar. Ya karanta yana motsa leɓe, ya daɗe a layin ƙarshe, ya cire hula ya mayar.

“To me kika ce?”

Ba shi ta kalla ba. A karo na farko ta dubi 'yarta ido cikin ido a gaban mutane, ta ga ashe girar ubanta ce sak.

“Ni dai so nake ki zauna. Ban san yadda zan yi da gidan nan ba in kin tafi. Amma kar ki canza.”

Alhaji Ɗanmusa ya buɗe baki zai kawo maganar hanya, ya sake duban rubutun ƙaninsa, ya rufe. Can ya ce, “Wannan Sagirun, akwai mai lambarsa?” Ya fita yana latsa waya, mutum ne da ba ya iya zama babu abin kawarwa.

Suka rage su biyu a zaure, da babur a tsakaninsu. Shamsiyya ta rungume ledar takardun a ƙirji.

“Umma, sake faɗa.”

“Me?”

“Sunan.”

Sa'adiyya ta buɗe baki. Ta ji shi a maƙogwaronta, ta tura, ya ƙi fitowa. Wani abu mai ɗumi ya gangaro mata gefen hanci, ta sa yatsa ta taɓa, ta duba da mamaki.

“Ke,” ta ce, “je ki sauke ruwan nan, tun ɗazu yake tafasa.”