Rabin Kan Ɗigo

Duk layin babu wadda ta kai Yaya iya kitso, kuma ta san da haka, shi ya sa ba ta cika sauƙin kai ba. Shagonta ɗan ƙarami ne: madubi ɗaya, benci ɗaya, da wata kujerar tsuguno da ƙafarta guda ta gaji har aka ɗaure ta da waya. Amma in ta ja tsaga a kan mace, sai ka rantse da ma'auni aka ja ta. To, ita ce fa aka wayi gari 'yar da ke hannunta tana yawo da kitso a karkace, shekara huɗu cur.

Ɗigo ake ce wa yarinyar, don an haife ta 'yar mitsitsiya. Ba Yaya ce ta haife ta ba, 'yar ƙanwarta Auta ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Uban yarinyar ya rasu tana goye. Tana shekara uku aka kama Auta a tashar mota da wata jaka da maƙwabciyarta ta ba ta saƙo, aka buɗe aka tarar da ƙwayoyi. Maƙwabciya ta yi layar zana, aka yanke wa Auta shekara goma. Kotu ta ba Yaya takardar riƙon yarinyar. Yaya kuwa ba ta taɓa haihuwa ba, don haka ranar da Ɗigo ta fara ce mata Mama sai da ta shiga bayan labule ta share hawaye.

A gaskiya Yaya ba ta yi wa ƙanwarta riƙon sakainar kashi ba. Ita ta nemo wata lauya, doguwar mace mai tabarau da ba ta iya zagaye-zagaye a magana ba, ta sa aka ɗaukaka ƙara. Ita ce ta yi ta sintiri tsakanin shago da ofishin Lauya har takalminta ya cinye. Kuma duk Asabar ɗin farkon wata sai ta kama hannun Ɗigo su tafi gidan yari ziyara.

Daga nan abin ya samo asali. Ziyarar farko Yaya ta zauna ta yi wa yarinyar kitso na gani na faɗa, don uwar ta gani hankalinta ya kwanta. Da aka shigo da Auta, ta rungume 'yarta, ta shinshina kanta, sai kawai ta zaunar da ita a gabanta ta hau tsifa. Yaya ta yi tsuru tana kallon aikin awa biyu yana warwarewa.

"Auta, jiya fa na yi shi."

"Na sani, Yaya. Ki bar ni in taɓa kanta, shi kaɗai zan iya yi mata a nan."

Gandirobobi ba sa barin a shiga da kibiyar kitso, ko mataji sai a karɓe a ƙofa. Da farce Auta take tsaga, layin yana tafiya kamar hanyar tururuwa. Ziyarar kuma rabin awa ce. Kafin ta kai tsakiyar kai an buga ƙararrawa, a tafi da ita, a bar Ɗigo da gefen dama a kitse, gefen hagu a tsefe.

Da suka koma shago Yaya ta ɗauko kibiya za ta warware shirmen ta yi na kirki. Yarinyar ta dafe gefen damanta da hannu biyu ta fashe da kuka, kuka irin na shiɗewa. Dole Yaya ta ƙyale, ta ƙarasa gefen hagu kawai. Haka ya zama ka'ida: dama na Auta, hagu na Yaya, wata bayan wata.

Masu zuwa kitso ba su raga mata ba. Wata mai sayar da atamfa, wadda bakinta ba ya shiru ko ana ja mata gashi, takan ce, "Mai kitso, wannan gefen da ido a rufe kika yi shi?" Yaya ta yi dariyar yaƙe, ta ƙara ja mata gashin. Amma ba tsiyar mutane ce ke cin ta ba. Abin da ke cin ta shi ne in Ɗigo za ta kwanta, kan gefen hagu take kwanciya, wai kada na dama ya lalace. Nata kitson, mai kyan, shi ake murjewa a matashi. Kishi ne, kuma Yaya ta san kishi ne, tana jin kunyar kanta da take kishi da matar da ke kulle. Duk da haka kowane wata sai ta ƙara ƙanƙanta layukan gefenta, ta ƙara matse su, don duk mai ido ya ga bambancin hannu da hannu.

Wata Talata da hantsi, tana tsakiyar kan wata amarya, Lauya ta bugo waya. An kama maƙwabciyar nan da wata jakar, ta kuma faɗi gaskiya. Kotun ɗaukaka ƙara ta wanke Auta. Yaya ta saki kan amarya ta yi guɗa, ta rungume mai atamfar nan da take jin haushinta. Sai da ta koma ta zauna ta ɗauki kibiya, sannan idonta ya faɗa kan 'yar jakar makarantar Ɗigo da ke rataye a ƙusa. Nan take murna ta koma ciki.

Auta ta fito a rame, ba ta son hayaniya, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ta zabura. Ta samu aiki a wani gidan wanki da guga, ta kama ɗaki guda a bayan kasuwa. Wata biyu ba ta tayar da maganar riƙo ba, sai dai ta zo ta ɗauki yarinyar ta yini da ita ta dawo da ita. A wata na uku ta zauna a bencin shago, ta jira masu kitso suka watse, ta ce, "Yaya, ina son a maido mini da Ɗigo."

Yaya ta ci gaba da share gashin da ya zuba a ƙasa, ta ce za ta yi tunani.

Washegari ta je ofishin Lauya. Lauya ta yi mata bayani dalla-dalla: takardar riƙo kotu ce ta bayar, kotu ce kuma za ta warware ta. In su biyun suka sa hannu, minti biyar an gama. In Yaya ta ƙi, sai a saurari kowa.

"To in na ƙi fa?"

Lauya ta cire tabarau ta ajiye a kan fayil. "Ni dai ba zan tsaya miki ba, Yaya, lauyarta ce ni. Amma ba zan ɓoye miki ba, za ki iya samun nasara, ko da na ɗan lokaci ne. Yarinyar a hannunki ta yi wayo, kina da sana'a, ita kuwa ɗaki ɗaya gare ta. Sai dai za ki tsaya gaban alƙali ki ce ƙanwarki ba ta isa riƙon 'yarta ba. Da bakin da kika shekara huɗu kina ce mini ba ta yi komai ba."

Yaya ta fito tana huci. Wato ita ta yi jinyar ƙyanda, ita ta yi tsaron layin rigakafi, ita ta koya wa yarinya ɗaura igiyar takalmi, yanzu a zo a ɗauke mata da sa hannu na minti biyar? Ta bar wa cikinta, amma ta yanke shawara: za ta ƙi.

Aka sa ranar Litinin. Ranar Lahadi Ɗigo ta kwana wajen uwarta, da sharaɗin a kawo ta shago da safe su wuce kotu tare. Yaya ta buɗe shago da wuri, ta jera man kitso da kibiya. Niyyarta ta yi wa yarinyar kitson da alƙali zai kalla ya san wa ke kula da ita.

Suka shigo, Auta ta cire wa yarinyar ɗankwali. Gefen dama a kitse, gefen hagu a tsefe.

Ran Yaya ya ɓaci, amma can ƙasan ɓacin ran akwai wani mugun daɗi, don ga hujja ta kawo kanta. "Yanzu kuma wane gandiroba ne ya buga miki ƙararrawa? Yini guda da kwana, ga mataji, ga kibiya, kin kasa gama kai ɗaya. Haka za ki riƙe ta? Wallahi haka zan kai ta gaban alƙali ya gani."

Auta ba ta ɗaga murya ba. "Ƙi ta yi, Yaya. Ina zuwa tsakiya ta miƙe, ta ce sauran na Mama ne. Na lallashe ta, na yi faɗa, ta ƙi." Ta zauna a benci ta kalli ƙasa. "Kin ɗauka ke kaɗai ke jin zafi? Rabin awa ake ba ni a wata, ita kuma ta cinye shi da Mama ta ce, Mama ta saya mini, Mama ta iya kaza. In koma ɗaki in kwana ina jin haushinki, ga shi ke ce ke ƙoƙarin fitar da ni. Ni fa har yau Auta take ce mini."

Yaya ta ɗauki kibiya. Ta jawo kujerar tsuguno da ƙafa, Ɗigo ta zauna tsakanin gwiwoyinta ba tare da an ce mata ba. Ta ja tsaga ta fara, hannunta yana tafiya yadda ya saba, ƙanana, a matse. A layi na biyu ta ji wuyan yarinyar ya sandare. Ta leƙa madubi, sai ta ga Ɗigo ta cije leɓe, idonta ya cika da ƙwalla.

"Mene ne?"

"Ba komai, Mama."

"Faɗa mini."

Yarinyar ta ce a hankali, "Gefenki yana zafi. Kullum sai ya kwana uku yana zafi. Shi ya sa nake kwanciya a kansa, in na danne shi yana raguwa."

"Tun yaushe?"

"Tun da."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Kada ki ce kin daina yi mini."

Kibiyar ta tsaya a hannun Yaya. Shekara huɗu tana ganin yarinyar tana tattalin kitson uwarta tana wulaƙanta nata, ashe ciwo take dannewa. Faɗan da take yi da Auta a zuci, a fatar kan nan yake sauka. Kunya ta kama ta irin wadda ba ta taɓa ji ba, ta kasa haɗa ido da ƙanwarta ko ta madubi.

Ta warware layi biyun da ta yi. Ta shafa mai a wurin, ta sake ja, manya-manya, sakwa-sakwa, daidai da na dama. Da ta gama, mai kallo ba zai ce hannu biyu ne suka yi kan ba, kuma wannan ma sai da ya ɗan sosa mata rai.

A kotu ba a kai minti biyar ɗin ba. Alƙali ya tambaye ta ko tana da ja, ta ce babu, ta sa hannu a inda Lauya ta nuna mata. Ya tambaya ko akwai abin da take so a rubuta.

"Ya mai shari'a, a dinga kawo mini ita kitso."

Alƙali ya ɗan murmusa, ya rubuta ziyara duk Asabar.

A bakin titi Auta ta karɓi jakar makarantar daga hannun yayarta. Ɗigo ta rungume Yaya ta ce sai Asabar, ta kama hannun uwarta suka tafi. Yaya ta tsaya tana kallon ƙeyar yarinyar, idon mai sana'a yana ƙirga layuka ba da son ranta ba. Na dama shida, na hagu biyar. Auta ta ci mata iyaka da layi guda.

Ta buɗe baki za ta kira su, sai ta fasa. Ta tsaya a wurin har suka sha kwana, sannan ta juya ta nufi shago, ga kibiya a jaka ga yini guda a gabanta, ƙusar nan kuma babu komai a kanta.