Safaya a Ɓangaren Hagu

Tun ranar da maigidan ya sauya wa motarsa ƙafafu matarsa ta san akwai ranar ƙin dillanci. Rim huɗu ya sa, manya masu ƙyalli, har motar ta koma kamar yaro cikin takalmin ubansa. Safayar da ke but kuwa 'yar tsohuwar nan ce da motar ta zo da ita.

"Ka sayo ta biyar daidai da su mana," in ji ta.

"Wa ke leƙa but ɗin mutum?" ya ce, yana goge rim da gefen tawul ɗin wankanta.

Ranar ta zo da safiyar da za su kai mahaifiyarta asibiti. Yanar ido ce ta rufe wa Inna ido biyu, likitan da ke cire ta kuma baƙo ne, ranar zai gama ya koma garinsu. An gaya musu wanda bai iso kafin tsakar rana ba ya jira wata shekara.

Sun yi rabin hanya tayar baya ta dama ta taka ƙusa. Maigidan ya fito da jak, ya ɗaura safaya cikin hanzari, har matar ta fara jin kunyar zargin da ta yi masa. Motar ta ɗan karkace kamar mai ciwon ƙugu, amma za ta kai su, in an bi a hankali.

Sai ya ja da baya, ya riƙe ƙugu yana kallonta.

"Baban yara, mu tafi."

"Ta gaban ofishinmu hanyar nan ta bi. Kuma ofishin yana dama."

"To, sai aka yi yaya?"

"Abokan aikina suna bakin ƙofa yanzu. Wata nawa ina koya musu yadda ake gyara mota, su gan ni da wannan ƙafar kaza? Hagu zan mayar da ita."

Ta dube shi, ta dubi rana. "Idon uwata ne fa."

"Aikin ƙiftawar ido ne," ya ce, ya durƙusa.

Jak ɗaya gare shi, ƙafa biyu yake son ɗagawa. Ya shiga neman duwatsu a bakin hanya. Ya tokare dama, ya koma hagu, notin hagu ya ƙi kwancewa, don shi da kansa ya sa aka ɗaure shi tamau kada ɓarayi su yi masa gaba da rim. Ya hau sifana da ƙafa yana tsalle, gumi na ɗiga a takalminsa. Matar ta tsaya tana ɗaga wa motocin haya hannu, duk cike suke wucewa.

Daga kujerar baya Inna ta ce, "Ɗan nan, lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Inna. Gyara nake kada ki ji girgiza."

"Allah ya yi albarka. Kin ga miji mai kula."

Matar ta haɗiye abin da ya zo mata baki, don ba ta iya tsinka shi a gaban uwarta.

Da aka gama, dama ta fito fes, manyan rim biyu suna walƙiya. Da suka zo ofis ya rage gudu, ya gyara zama. Ba kowa a ƙofar. Abokan aikin duk sun tsallaka titi, suna zaune wurin mai shayi, a hagu. Ɗaya ya miƙe da kofi a hannu yana nuna safayar, sauran suka kwashe da dariya, wani har da tafi.

A asibiti suka tarar da ma'aikaciyar jinya tana jera kujeru. Likita ya tafi ɗazu, ta ce, da ƙyar ma in ba su yi kiciɓis da motarsa a ƙofa ba.

A hanyar komawa 'yar tayar tana ta ƙara a kan kwalta. Can maigidan ya sauke ajiyar zuciya.

"Yau na sha kunya," ya ce. "Kowa ya gani."

Inna ta lalubo bayan kujerarsa ta ɗan bubbuga.

"Kada ka damu, ɗan nan. Ni dai ban ga komai ba."

Matar ta juyar da fuska wajen taga.