Injin Masara a Ɗakin Dogo

A zangon ƙarshe na kwalejin fasaha, malamin ɗakin ƙira ya raba ɗalibai uku-uku, ya ce kowace ƙungiya ta ƙera inji ɗaya mai amfani kafin ranar jarrabawa. Haka rabo ya haɗa Dogo da Tartsatsi da Anjima, aka ba su injin ɓare masara.

Tartsatsi 'yar siririya ce mai saurin fushi, kuma duk ajin ba wanda ya kai ta iya sarrafa ƙarfe. Anjima ƙato ne mai sanyin jiki, bakinsa ne ya raɗa masa suna, don ko ruwa ka ce ya miƙo maka sai ya ce anjima. Dogo kuwa shi ya naɗa kansa shugaba, saboda a hutun da ya wuce ya halarci wata lacca kan tattalin lokaci, ya dawo da agogo a kowane hannu da usur a wuya.

A zamansu na farko Tartsatsi ta ce, "Ina kwananku?"

Dogo ya busa usur. "Daga yau an soke gaisuwa. Rabin rayuwar mutum a tambayar mutanen gida yake ƙarewa."

"Gaskiya ne," in ji Anjima. "Yaya su Mama?"

Dogo ya sake busawa, sannan ya kawo doka ta biyu. Duk taro a tsaye za a yi shi, kowa a kan ƙafa ɗaya, kuma da zarar wani ya sauke ƙafa an tashi. Ya ce haka manyan kamfanoni ke hana surutu. Suka ɗaga ƙafa. Dogo ya zana injin a bayan wani kwali, ya yaga shi gida uku. Shi zai yi gangar jikin, Tartsatsi ta yi gangar cikin mai haƙora wadda ke goge masarar, Anjima ya samo abin da zai juya ta. A jikin kowane yanki akwai lamba, amma ba a rubuta ko ta wane awo ba ce, don Dogo ya ce dogon rubutu ɓata lokaci ne.

Tartsatsi ta duba nata. "Saba'in ɗin nan, saba'in me?"

Daidai nan Anjima ya yi tangal-tangal ya faɗi a kan tulin garin katako.

"Taro ya tashi," in ji Dogo, yana duba agogunansa cike da jin daɗi.

Haka duk sauran tarukan suka kasance. Ba wanda ya wuce buɗewa.

Ɗakin ƙirar kwalejin injin walda ɗaya ne da shi, ɗalibai na jere a bayansa kowa da ƙarfensa a kafaɗa kamar masu jiran mota. Dogo ya tsaya a layin sau ɗaya, ya ji ransa na ƙuna. Sai ya tafi wurin kawunsa mai walda ya aro tsohon inji, ya riƙa zuro ƙarafa ta taga zuwa cikin ɗakin kwanansa. A ganinsa ba asarar da ta kai tafiya daga gado zuwa wurin aiki. Yanzu yana buɗe ido sai aiki.

Mahaifiyarsa na shara a tsakar gida ta ga haske na walƙawa ta ƙarƙashin ƙofarsa. Ta ƙwala masa kira, "Kai! Hadari ne a ɗakin naka? In kwashe shanya?"

"Aikin makaranta ne, Mama."

"Makarantar ba su da ɗaki?"

"Suna da shi. Layi ne."

Gangar jikin ta yi ta girma. Ta ci wurin tebur, ta ci wurin akwati, har katifa ta rasa masauki. Dogo ya ɗauki katifar ya shimfiɗa a cikin injin, ya ci gaba da kwana a nan. Mama ta gano ƙarfen saman ya yi daidai da shanya tawul.

Tartsatsi ta gama nata tun da wuri, ta goge shi har yana sheƙi, ta jefa a jakarta. Ta kira Dogo a waya don ta sake tambayar saba'in ɗin nan, amma da ta ce "Dogo, dama," sai ya ce "An ji, a ci gaba," ya kashe. Ta tambayi Anjima ina nasa, ya ce anjima.

Ana saura kaɗan jarrabawa suka haɗu a gidan su Dogo don a harhaɗa. Mama ta tare su a ƙofa, ta gaishe su a tsanake, ta tambayi iyayensu da ƙannensu da wata gwaggon Tartsatsi mai ciwon gwiwa. Dogo ya kai usur baki. Mama ta miƙa hannu ba tare da ta dube shi ba, ta cire shi daga wuyansa, ta ɗaure a bakin zani.

"Kajina sun daina ƙwai saboda wannan abin," in ji ta.

Da suka shiga ɗakin, Tartsatsi ta ɗaga kai ta bi ƙarfen da kallo har kusa da rufi. Sannan ta buɗe jaka ta fito da gangarta. Girmanta bai wuce kofin shayi ba. Ta ɗora ta a tafin hannun Dogo.

"Inci ne," in ji Dogo da ƙaramar murya.

"Milimita ne," in ji Tartsatsi. "Da shi muke aiki tun shekarar farko, dogon banza."

Suka juya ga Anjima. Ya fito da nasa yankin kwalin daga aljihu, ya yi laushi don zufa. "Au, awo ne? Ni na ɗauka lambar waya ce ba ka gama rubutawa ba. Ina ta jiran sauran."

Dogo ya zauna a kan katifa a cikin injin, ya dafe kai. Tartsatsi ta fita tsakar gida don kada ta yi abin da za a kai ta gaban hukuma. A nan ta ga keken Anjima a jingine da bango. Ta tsaya ta dube shi, ta murza fedar da hannu, ta ga yadda sarƙar ke juyawa. Sai ta tura shi cikin ɗaki.

"Me za ki yi da shi?" in ji Anjima. "Bari anjima mu yi magana."

Kafin ya rufe baki ta liƙa keken a jikin injin da walda.

Ranar ce suka fara aiki tare. Anjima ya riƙe ƙarfe yana kallon kekensa da jajayen idanu, Dogo na miƙo noti da sufana, Tartsatsi na ba da umarni. Kowa na magana, kowa ƙafafunsa biyu a ƙasa. Suka kafa 'yar gangar a tsakiyar ƙaton ƙarfen, suka ja sarƙa daga keken zuwa gare ta, suka yi mata maƙogwaron zura masara da gwangwanin madara. Da la'asar abin ya juya.

Sai suka zo fitar da shi. Suka gwada ta ƙofa, a tsaye da a kwance da a karkace, ya ƙi. Taga kuwa ko keken ba za ta ɗauka ba. Dogo ya ɗaga kai ya dubi kwanon rufi.

"Ka taɓa rufin nan," in ji Mama daga tsakar gida, "ka nemi wata uwar."

Dole Dogo ya je ya sami Malam. Malam ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya ce ƙa'ida ta ce a gwada inji a gaban mai jarrabawa, amma ba ta faɗi a ina ba. Mai jarrabawar wani Farfesa ne da aka gayyato daga wata makaranta, dattijo mai tumbi, wanda ya wuni yana kallon injina masu hayaƙi da ba sa motsi. Da aka gaya masa akwai wanda ke ɗakin kwana, sai ya ce a kawo mota.

Suka cire takalma a ƙofa bisa umarnin Mama. Farfesa ya zagaya injin a gicciye, tumbinsa na gogar bango, ya tsaya a kan katifar, wadda aka manta ba a fitar ba.

"Wannan fa, mene ne aikinta?"

Dogo ya hau duba agogunansa.

"Wurin hutawar ma'aikaci ne, ranka ya daɗe," in ji Anjima.

Farfesa ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu. "Ba kowa ke tuna ma'aikaci ba." Ya naɗe ƙafar wando ya ce shi da kansa zai tuƙa. Aka taimaka masa ya hau keken. Tartsatsi ta zura masara guda ɗaya a gwangwanin, don fiye da haka ba ya shiga.

Injin ya yi ƙara kamar ana jan gado a kan siminti. Sai ƙwayoyin masara suka fara fita da gudu. Ta farko ta sami Malam a tabarau, sauran suka bi ta taga zuwa tsakar gida, totuwar kuma ta faɗo tas a kan matashi. Kajin Mama suka rugo. Na maƙwabta suka tsallako katanga. Farfesa na haki yana dariya, yana cewa a ƙaro, likita ya daɗe yana damunsa da motsa jiki. Sai da ya ɓare rabin kwando, Malam na ɓoye a bayan ƙofa.

Da ya sauko yana share gumi da tawul ɗin da ke rataye a saman injin, ya ce, "Yanzu ku gaya mini, yaya kuka raba aiki, yaya kuka tsara lokaci?"

Dogo ya gyara tsayuwa. "Ranka ya daɗe, da farko na kafa dokoki..."

Tartsatsi ta take masa ƙafa da dunduniya. "Tare muka yi, ranka ya daɗe."

Suka ci jarrabawa. Makin ba na yabo ba ne, amma ya isa.

Bayan kwanaki sai ga mai kula da kayan kwaleji da gwangwanin fenti. Ya ce duk abin da ɗalibi ya ƙera mallakin makaranta ne, ya zo ɗauka. Shi ma ya gwada ƙofa, ya gwada taga, ya dubi rufi, ya dubi Mama, ya sauke kai. Sai ya rubuta lamba a jikin injin, ya hau kujera ya rubuta a saman ƙofar: Ɗakin Ƙira na Biyu. Mama ta ce ba ta ƙi ba, muddin duk masarar da aka ɓare ta gida ce.

Mutumin na rufe gwangwaninsa ya ga katifar. "Wa ke kwana a nan?"

"Ni ne," in ji Dogo.

"Haramun ne kwana a ɗakin ƙira. Ka fitar da ita yau."

Haka Dogo ya koma doguwar kujerar falo, wadda ba ta kai tsawonsa ba, ƙafafunsa na reto a kan hanya. Da sabon zango ya kama, ɗaliban shekarar farko suka fara zuwa darasi, kowa da masararsa a leda, kuma ta falon ake wucewa. Wata safiya yana kwance da takardar shaidar kammala karatunsa a ƙirji, yana tunanin inda zai nemi aiki, Mama ta leƙo daga kicin.

"Kai, janye ƙafafun nan," in ji ta. "Yara na da aji."

Ya janye, suka wuce ɗaya bayan ɗaya.