Jar Igiyar Doña Providencia

"Kada ka kuskura ka ce mata kana jiri," in ji Doña Providencia, tana gyara wa Don Eusebio wuyan riga. "Kome ta tambaye ka, ka ce lafiya lau."

"To ai jirin nake yi, Provi."

"Ka yi shi bayan ta tafi."

Tun ranar da aka manna sanarwa a jikin lif cewa gwamnati ta ba gidan tsofaffin nan na garin Ponce tallafi, za a gyara wasu ɗakuna a kawo masu kula da marasa ƙarfi, hankalin Providencia bai kwanta ba. Shekararta saba'in da takwas, ba ta taɓa ganin gwamnati ta yi kyauta a banza ba. A ganinta, duk wanda ya amsa cewa wanka na gagarar sa, kwashe shi za a yi a kai wani gida can bayan gari. Shekara tara ke nan bango ɗaya ne tsakaninta da Eusebio. Kullum da safe sai ya buga bangon sau uku, ita kuma ta ɗora kofi na mutum biyu. Ba za ta yarda a raba ta da wannan ba.

Ma'aikaciyar da aka turo ta tantance masu buƙatar taimako, wata yarinya mai suna Yaritza, ta shigo da takardunta.

"Don Eusebio, kana iya shiga bahon wanka kai kaɗai?"

Ya saci kallon Providencia, wadda ta tokare bakin ƙofa.

"Shekara talatin ina saran rake, 'yata. Baho ne zai gagare ni?"

"Ba ka taɓa faɗuwa ba?"

"Sau ɗaya, a wajen rawa. Shi ma mace ce ta ture ni."

Yaritza ta yi dariya, ta rubuta, ta wuce.

Ita kuwa mai ba da shawarar, sandarta ce ta tona mata asiri, sunanta ya shiga cikin masu buƙatar taimako. Ta ɗaure kayanta a akwati tana jiran a zo ɗaukar ta. Ba wanda ya zo sai magina. Suka cire mata dogon bahon wankan da ke kafe a bayi, suka daidaita ƙasan bayin, suka kafa ƙarfen dafawa a bango, suka rataya wata jar igiya wadda in an ja ta ma'aikaciyar jinya za ta taho. Providencia ta sa kan sanda ta naɗe igiyar a ƙusa can sama. Ita dai ta tabbata ƙirga ja suke yi, in ya yi yawa su kore ka.

"Provi, ba a kwashi kowa ba fa," Eusebio ya ce wata safiya. "Ko in je in gaya wa yarinyar nan gaskiya?"

"Tsoho, ba ka da wayo. Lallaɓa mu suke yi. Ka bari a yi wata uku mu gani."

"To, ke kika san gwamnati."

Ranar wata Alhamis bangon bai yi ƙara ba. Ta dafa kofin duk da haka, ta zauna har ya huce. Da ta kara kunne a bango, sai ta ji ruwa na zuba, ba ya tsayawa. Mai kula da gidan ce ta buɗe ƙofar Eusebio da makullinta. Yana kwance cikin bahon, rai ya yi halinsa, hannunsa ɗaya a miƙe a jikin bango, daidai inda aka kafa mata ƙarfe a nata ɗakin.

A ranar ƙarshe ta addu'ar kwana tara da suke yi wa mamaci, Yaritza ta zauna kusa da ita.

"Doña Provi, da ya gaya mini yana jiri, wallahi da ɗakinsa za mu fara. Ke ma ba ki sani ba?"

Providencia ta nemi tarko a fuskar yarinyar, ba ta samu ba.

Da ta koma ɗaki, ta tarar da akwatin nan a ɗaure bayan ƙofa. Ta shiga bayi, ta miƙa sanda ta warware igiyar daga ƙusa. Igiyar ta sauko tana lilo kusa da ƙarfen. Ta tsaya tana kallon ta har ta daina motsi.