Kwalbar Mutum Goma

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, kunnenmu na gare ki.

A wani ƙauye can bayan Tsarnawa, inda in ka bar kwalta sai ka yi ta bin yashi, akwai wata mata ana ce da ita Zuwaira. Mafaɗaciya ce, wannan kowa ya sani, har awakin unguwa sun san muryarta. Amma ba a taɓa ganin ta fusata irin na daminar da aka kawo allurar korona ba.

Mijinta Alkasum mai ciwon fuka ne. Da ƙuruciyarsa ƙaƙƙarfa ne, ba a kiran gayyar noma a garin bai je ba, amma yanzu in ya taka daga ɗaki zuwa masallaci sai ya tsaya ya dafa katanga, ƙirjinsa na kuka kamar usur. Da bazarar da ta wuce wansa Maman ya rasu a Malbaza, tari ne da sarƙewar numfashi, kuma ba a ba su gawar sun wanke ba. Tun daga ranar Zuwaira ba ta sake samun kwanciyar rai ba. Da ta ji a rediyo ana cewa allura ta iso, kuma tsofaffi da masu ciwon ƙirji ne a gaba, ko shawara ba ta yi da kowa ba. Ta kira ƙanenta Sha'ibu mai amalanken jaki, aka shimfiɗa tabarma, aka ɗora Alkasum, sai likita, wato ɗan ƙaramin asibitin da ke garin gaba.

Majon likitar, wato ma'aikacin jinyar da ke riƙe da wurin, wani matashi ne, Shamsuddin, mai ladabi da sanyin magana. Ya gaishe su, ya ba su benci, sannan ya ce, “Inna, sai dai ku yi haƙuri. Kwalba guda ta mutum goma ce. In an buɗe ta ba ta kwana, abin da ya rage zubarwa ake. Daga sama an ce kar a buɗe sai goma sun cika.”

“Mi kac ce?”

Ya maimaita.

“To mu biyu munka zo. Ka ɗebi namu, sauran ka ba jaki.”

“Inna, doka ce. Ko ku tafi Konni, can ana samun mutane.”

“Konni? Da wanga ƙirjin? Kwazazzabo cike da ruwa, ka ce in kai shi Konni? Gawarsa kaka so in kai?”

Suka zauna har rana ta karkata, ba wanda ya zo sai wata mai ciki da ta zo awo. Da ta ji abin da suke jira, ta gyara mayafi ta ƙara sauri. Suka koma gida. Bayan 'yan kwanaki suka sake dawowa, aka sake wuni a bencin nan. Ranar ce majo ya ce mata, a hankali kamar mai jin kunya, “Inna, ranar kasuwa mota za ta zo bayan la'asar ta kwashe sauran kwalaben, lokacinsu ya kusa ƙarewa. Ban san ranar da za a sake kawowa ba.”

Kowace tafiya sai ta kwantar da Alkasum, don girgizar amalanke da ƙura ba su barin ƙirjinsa. Zuwaira ta dube shi kwance, ta ɗaure ɗamara ta nufi rumfar Tanimun mai shayi, inda mazan gari ke taruwa. Mata ba su zuwa wurin, amma ita ta je.

“Mutum takwas nika nema,” in ji ta, ko sallama ba ta gama ba.

Tanimun ya kwashe da dariya. “Yaya Zuwaira, zauna ki ji wani abu.” Ya latsa salularsa, wata murya ta fito tana rantsuwa cewa duk wanda aka yi wa allurar nan ba zai shekara biyu ba.

“Wanene shi? Ɗan gidan wa?”

“Oho. Turo mini anka yi.”

“Ba ka san ubansa ba, ba ka san garinsu ba, amma ka yarda da shi. Ni da kas sani tun kana yawo ba wando, ba ka yarda da ni ba.”

Aka yi dariya. Wani saurayi ya ce shi bai yi aure ba tukuna, kuma an ce allurar na kashe haihuwa. Wani ya ce ciwon masu shiga jirgi ne, talaka ba ruwansa. Wani ya tuna da rufe masallatai da rufe iyaka da aka yi, ya tofar da yawu. Duk ta ba su amsa, mai zafi mai zafi. Sai wani dattijo, Zakariya'u, wanda bai yi dariya ba tun ɗazu, ya ajiye kofinsa.

“Zuwaira, bara masassarar damina ta ɗauke mini jika biyu. Munka je likita anka ce magani ya ƙare. Kowace shekara muna binne yara, ba wanda ya aiko mota. Yau ga ciwon da ban gani da idona ba, an kawo allura kyauta, har ana roƙonmu. Mi ya sa? Ki ba ni amsa in bi ki.”

Zuwaira ta juya ta bar rumfar, tambayar na ƙona mata rai. Ta koma gida tana faɗa ita kaɗai, tana zagin masu salula, tana zagin masu doka, tana zagin wanda ya ƙera kwalbar da ba ta san mutum biyu ba.

Ana gobe kasuwa ta jiƙa gero mai yawa. Ita da ɗiyarta Bushira suka yi ta daka har hannunsu ya yi kanta. Ta aika gida-gida cewa gobe da safe akwai gayya a gidan Alkasum. Ba wanda ya yi mamaki, don kowa ya ga yadda ciyawa ta rufe gonarsa, kuma kusan babu gonar da bai taɓa yi wa noma ba a garin. Da hantsi maza suka cika ƙofar gida da hauyoyinsu, mata suka shigo taya aiki. Sai ga ƙoren fura ana fitowa da su, da nono mai kauri.

“Yau fura kafin zufa?” in ji Tanimun. “Yaya Zuwaira ta tuba!”

“Sha dai,” in ji ta.

To, a garin nan, wanda ya sha furar gayya ba ya juyawa gida sai ya taɓa aikin da aka kira shi. In ya juya, abin gori ne har ga 'ya'yansa. Zuwaira ta jira sai da ta ji ludayi na kartar gindin ƙwarya, sannan ta fito ta tsaya a tsakiyarsu.

“Ku ajiye hauya. Gonar ku bar ta, ciyawa ta cinye, ban damu ba. Aikin yau a likita yake.”

Wurin ya kaure. “Yaudara ce!” “Wannan ba gayya ba ce!” “Mu noma anka ce mana!”

“Gayya nic ce, ban ce noma ba!” Muryarta ta danne ta kowa. “Ku dube shi, ga shi can zaune. Kai Tanimun, shekarar da ubanka ya karye, wa ya nome gonarku? In mutumin nan ya mutu gobe, duk kuna nan, kuna rige-rigen ɗaukar makara, kuna cewa Allah ya jiƙan mutumin kirki, kuna miƙa hannu ga sadakar bakwai. Ranar ba sai na dama fura ba, da kanku za ku zo. Yau yana numfashi nika neman mutum takwas, kun tsaya kuna kallon ƙasa. Tir da ku!”

Da yawa suka saɓi hauyarsu suka zame, wasu na gunaguni, wasu ko waiwaye babu. Wanda ya fara matsowa shi ne wanda ba ta zata ba. Zakariya'u ya jingine hauyarsa a katanga ya ce, “Ban yarda da allurarsu ba, har gobe. Amma na sha fura.” Bushira da Sha'ibu dama tun jiya ta shawo kansu, suna ciki. Wata ƙawar Zuwaira ta ja mijinta, wasu tsofaffi biyu suka biyo baya. Tanimun ya duba hagu ya duba dama, ya ga idon Zuwaira a kansa, ya ce to, a je. Ta ƙirga da yatsa, goma cif.

Suna tsakiyar hanya Tanimun ya ce a tsaya zai zaga bayan kalgo. Aka tsaya, aka jira, aka kira. Sha'ibu ya je ya duba, ya dawo ya ce sai sawunsa, ya yi gida.

Abin da Zuwaira ta faɗa a wurin nan ba na maimaitawa ba ne.

Suka isa likita su tara. Majo ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya sunkuyar da kai. Zuwaira ta fita bakin hanya tana tare 'yan kasuwa, mai kaji, mai icce, mai babur, kowa sai ya kauce mata kamar mahaukaciya. Aka kira la'asar. Alkasum na jingine da bango, leɓɓansa sun bushe, ya ce da ƙyar, “Zuwaira, bari haka nan. Mu koma gida. Abin da Allah ya rubuta...”

“Malam, yi shiru ka adana numfashinka.”

Ta dawo ciki ta tsaya gaban teburin majo. Ta daɗe tana kallonsa.

“Kai fa? An yi maka?”

Shamsuddin ya hau gyara takardun da ke kan tebur.

“Da kai nika magana, yaro.”

“Inna... mahaifiyata ce. Tana Illela. Ta ce in na yarda aka yi mini, ba ta yafe nononta ba.”

Zakariya'u ya yi wata gajeriyar dariya marar daɗi. Zuwaira kuwa sai da ta dafa tebur.

“La ilaha illallahu! Kana zaune da farar riga kana kiran ɗiyan mutane su zo ka soke su, kai uwarka ta hana! Tamu uwar ba ta haife mu ba ne? Kira mini ita.”

“Inna, don Allah...”

“Kira ta!”

Ya kira, ya miƙa mata salular da hannu biyu. Zuwaira ta riƙe ta nesa da kunne tana ɗaga murya kamar mai kiran wani a hayin gulbi. Ta gaida matar a gaggauce, ta faɗa mata komi, ciwon Alkasum da kwalba da motar da ke tafe. Daga can tsohuwar ta ce, kowa na ji, “Baiwar Allah, Allah ya ba mijinki lafiya. Amma ɗana guda ne tilo, shi ke riƙe da ni. Ban yarda ba.”

“Ni ma mijin nawa guda ne!”

“To ki riƙe naki in riƙe nawa.”

“In guba ce, mi ya sa kika bar shi yana ba mutane?”

“Aikin gwamnati ne, ba ni na sa shi ba.” Tsohuwar ta kashe wayar.

Ƙirjin Alkasum na ta kuka. Majo ya karɓi salularsa ya sa aljihu. Ya dubi tsohon, ya dubi ƙofa. Sai ya juya ya buɗe firij, ya ɗauko 'yar kwalbar, wadda ba ta fi babban yatsa ba, ya ɓalle murfinta.

“Baba, ɗaga hannun rigarka.”

Alkasum aka fara yi wa. Kafin ya ce wash an gama.

Za ku ce Zuwaira ta yi godiya. Ina! Ta dafe ƙirji ta ce, “Ashe tana buɗuwa! Jama'a, ashe tana buɗuwa ba goma! Sau uku ina jijjiga mutumin nan a amalanke, na ɓata da gari duka, na zubar da geron da za mu ci, ashe hannu kawai za ka sa!”

“Inna, za a tuhume ni a kan wadda ta rage.”

“A tuhume ka! Su zo nan in tuhume su ni ma. Wanda ya zauna a buro, can ofishinsa cikin sanyi, ya ce sai goma, ya taɓa tara mutum goma a ƙauye?”

Tana cikin faɗan ya kama damtsenta ya yi mata, ba ta ma sani ba sai da ta ga auduga. Aka bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Zakariya'u ya kau da kai yana salati, da aka gama ya ce shi har yanzu ba a ba shi amsarsa ba. Ɗan ruwan da ya rage a gindin kwalba, rabon mutum guda, majo ya ajiye shi gefe har motar Konni ta iso, ba wanda ya zo, aka jefa a kwandon shara.

Alkasum ya yi zazzaɓi ya tashi. Da kaka ta yi, hanya ta bushe, aka kai shi Konni a mota aka yi masa ta biyu, kuma yana nan da ransa da fukarsa. Gonarsa ciyawa ta ci rabinta a shekarar, don da Zuwaira ta kira gayyar gaske mutum huɗu kawai suka amsa. Majo Shamsuddin ya sha faɗa daga manyansa, daga baya aka mai da shi wata likitar, kuma har ya tafi ba a yi masa allurar ba. Zakariya'u bai koma ta biyu ba. Tanimun yana nan yana sai da shayi, shekara biyu ta wuce bai ga kowa cikin taran nan ya mutu ba, ya daina kunna muryar. Zuwaira kuwa har yau ba ta amsa gaisuwarsa.